Sadaharu Oh: Tarihin gwarzon besbol na Japan wanda doka ta ɗauke shi baƙo

Sadaharu Oh tsohon ɗan wasan besbol ne kuma mai horarwa a ƙasar Japan. Ya buga wa ƙungiyar Yomiuri Giants ta birnin Tokyo wasa har kaka 22, daga 1959 zuwa 1980, inda ya buga hom-ran 868, adadin da babu wanda ya kai shi a kundin wata babbar gasar ƙwararru a duniya har yau. A Tokyo aka haife shi, a can ya yi karatu, kuma mahaifiyarsa 'yar Japan ce. Amma da yake mahaifinsa mutumin ƙasar Sin ne, dokar zama ɗan ƙasa ta wancan zamani ba ta lissafa shi cikin 'yan Japan ba. Wannan al'amari ya bi shi tun yana ɗalibi har ya tsufa, kuma shi ne ya sa tarihinsa ya wuce na filin wasa kawai.

Yadda ake wasan besbol

Da yake wasan bai yaɗu sosai a Najeriya ba, sai an fahimci tsarinsa kafin a gane nauyin abin da Oh ya yi. Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowacce da 'yan wasa tara. A tsakiyar filin akwai kusurwa huɗu: gida, sai zango na ɗaya, na biyu da na uku, tsakanin kowanne da mai bi masa kimanin mita 27. Ƙungiya ɗaya tana tsaron fili, ɗayar kuma tana turo masu bugu ɗaya bayan ɗaya.

Mai jifa yana tsayawa kimanin mita 18 daga mai bugu, ya wurgo masa ƙwallo mai tauri wadda ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Mai bugu yana riƙe da sanda ta katako. Idan ya doki ƙwallon ta faɗa inda masu tsaro ba su cafke ta ba, sai ya ruga zango na ɗaya, ko ya zarce idan da hali. Duk wanda ya zagaye zanguna uku ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan mai bugu ya kuskure jifa mai kyau sau uku, an fitar da shi. Idan kuma mai jifa ne ya wurga ƙwallo ba daidai ba sau huɗu, mai bugu zai wuce zango na ɗaya kyauta. Da zarar an fitar da mutum uku sai ƙungiyoyin su yi musayar matsayi. Wasa guda turmi tara ne.

Hom-ran shi ne bugun da ke tsallake katangar fili baki ɗaya, tazarar da takan kai mita 100 ko fiye. Wanda ya yi shi zai zagaya zanguna ba mai tare shi, tare da duk abokan wasansa da ke tsaye a kansu. Shi ne bugu mafi daraja a wasan. Wahalar bugu kuwa ta kai ga cewa wanda ke samun bugu mai kyau sau uku cikin goma ana lissafa shi cikin gwanaye.

Wani malami Ba'amurke mai suna Horace Wilson ne ya koya wa ɗalibai wasan a Tokyo a 1872, kuma Japanawa suna kiransa yakyu. A 1934 tawagar taurarin Amurka, ciki har da Babe Ruth, ta zagaya Japan, kuma a ƙarshen shekarar ne Matsutaro Shoriki, mai jaridar Yomiuri Shimbun, ya kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Giants. Gasar ƙwararru ta fara a 1936, sannan a 1950 aka raba ta gida biyu, rukunin Central da rukunin Pacific. Zakarun rukunonin biyu ne ke haɗuwa a ƙarshen kaka a gasar Japan Series domin fitar da zakaran ƙasa.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Oh a ranar 20 ga Mayu, 1940, a yankin da yanzu ake kira Sumida, a gabashin Tokyo. Mahaifinsa, Shifuku Oh, ya fito ne daga lardin Zhejiang na ƙasar Sin, yana kuma da ƙaramin gidan sayar da taliya da abincin Sinawa. Sunan mahaifiyarsa Tomi. Tagwaye aka haife su, amma 'yar uwarsa ta rasu tun tana jaririya. Da harshen Sinanci ana karanta sunansa Wang Zhenzhi, kuma harafin da ake rubuta sunan gidansu da shi yana nufin sarki.

Ya tashi a zamanin da Japan ke yaƙi da ƙasar mahaifinsa, lokacin da zaman Basine a Tokyo ba abu ne mai sauƙi ba. Burin mahaifin shi ne 'ya'yansa maza su yi karatu mai zurfi: babban ya zama likita, ƙaramin kuma injiniya. Babban ya zama likitan. Ƙaramin kuwa besbol ya ja hankalinsa.

A 1954, yana ɗan shekara 14, wani ƙwararren ɗan wasa mai suna Hiroshi Arakawa, na ƙungiyar Mainichi Orions, ya ci karo da yara suna wasa a wani fili a unguwar. Ya lura cewa yaron da hagu yake jifa amma da dama yake bugu, sai ya shawarce shi da ya koma bugu da hagu. Oh ya bi shawarar, bai kuma sake sauyawa ba. Shekara takwas bayan nan mutanen biyu suka sake haɗuwa a matsayin malami da almajiri.

Kofin Koshien da ƙofar da aka rufe

A Japan gasar besbol ta makarantun sakandare tana jan hankalin ƙasa baki ɗaya. Ana yin ta sau biyu a shekara a filin Koshien da ke Nishinomiya, kusa da Osaka, ana kuma watsa ta a rediyo da talabijin. Oh ya shiga makarantar Waseda Jitsugyo ta Tokyo, inda ya zama babban mai jifa. A gasar farkon shekarar 1957 ya ja makarantarsa har ta ɗauki kofi, duk da cewa yatsun hannunsa na jifa sun yi bororo sun fashe, yana jifa jini na zuba.

A wannan shekarar kuma aka gayyaci makarantar zuwa bikin wasanni na ƙasa, wanda ake kira Kokutai. Ƙa'idar bikin ta tanadi cewa 'yan ƙasa kaɗai ne za su shiga. Saboda haka yaron da ya ciyo wa makarantar kofi 'yan watanni kafin nan bai samu damar taka fili ba.

Dalilin yana cikin doka. Dokar zama ɗan ƙasa ta Japan a lokacin ta ɗora gadon ƙasa a kan uba, ta yadda ɗan da Bajapaniya ta haifa wa baƙo a cikin aure ƙasar ubansa zai bi. Sai a 1984 aka gyara dokar, gyaran ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 1985, inda uwa ma ta sami ikon gadar wa ɗanta ƙasa. Oh yana riƙe da fasfon Jamhuriyar Sin, wato gwamnatin da ke zaune a Taiwan tun 1949, kuma bai nemi sauya shi ba ko bayan da ya shahara. Ana danganta hakan da girmamawar da yake yi wa mahaifinsa.

Ba shi kaɗai ne ke da irin wannan asali cikin manyan wasan ba. Victor Starffin, mai jifa na farko da ya yi nasara a wasa 300 a Japan, ɗan gudun hijira ne daga Rasha, kuma ya rasu a 1957 ba shi da takardar zama ɗan kowace ƙasa. Masaichi Kaneda, mai nasara 400, da Isao Harimoto, wanda ya fi kowa yawan bugu mai kyau a tarihin gasar da 3,085, dukansu 'ya'yan mutanen Koriya ne.

Shekaru uku na faɗi-tashi

Oh ya shiga Giants a 1959, aka ba shi riga mai lamba 1. Masu horarwa sun ga cewa jifansa ba zai kai shi ko'ina ba a tsakanin ƙwararru, sai suka mayar da shi mai tsaron zango na ɗaya domin a ci moriyar bugunsa. Farkon bai yi kyau ba. Ya fito bugu sau 26 a jere ba tare da bugu mai kyau ko ɗaya ba, kafin ya samu na farko, wanda ya zo a matsayin hom-ran, a ƙarshen watan Afrilu.

A ranar 25 ga Yuni, 1959, Sarki Hirohito ya halarci wasan Giants da Hanshin Tigers a filin Korakuen, karon farko da wani sarkin Japan ya kalli wasan ƙwararru. Oh ya buga hom-ran da ya rama wa ƙungiyarsa, sannan Shigeo Nagashima ya buga wanda ya kashe wasan da ci 5 da 4. Wannan ne karon farko da su biyun suka buga hom-ran a wasa ɗaya. Kafin Nagashima ya yi ritaya a 1974 sun maimaita hakan har ya kai sau 106.

Sai dai rana ɗaya ba ta gyara kakar ba. Oh ya ƙare 1959 da hom-ran 7, bugunsa mai kyau kuma bai wuce kashi 16 cikin 100 ba. Ya buga 17 a 1960, ya koma 13 a 1961. 'Yan kallo suka ɗauki ma'anar sunansa suka mayar da ita abin zolaya, suna kiransa sarkin kuskure. Matsalarsa ita ce rashin daidaita lokaci: yakan ɗan ja sanda baya a daidai lokacin da ya kamata ta fita, sai ƙwallo mai sauri ta riga shi.

Arakawa da tsayuwar ƙafa ɗaya

A 1962 Arakawa ya zama mai horar da masu bugu a Giants, a ƙarƙashin babban koci Tetsuharu Kawakami, aka kuma damƙa masa Oh. Arakawa ɗalibi ne na Morihei Ueshiba, wanda ya ƙirƙiro salon kokawar aikido, don haka daga can ya ɗauko darussan daidaita jiki da tattara ƙarfi a ƙasan cibiya. Maganin da ya kawo shi ne Oh ya ɗaga ƙafarsa ta dama tun mai jifa bai saki ƙwallo ba, ya tsaya cak a kan ta hagu kamar ɗan langa, ko kamar zalɓe a bakin ruwa, sannan ya sauke ta tare da bugu. Tsayuwar ta tilasta masa gama shiri da wuri, ta kuma hana shi jan sandar da ke ɓata masa lokaci.

Salon yana da haɗari, domin wanda ke tsaye da ƙafa ɗaya ƙwallo mai lanƙwasa ko mai sanyin gudu kan iya kifar da shi. Abin da ya sa ya yi wa Oh aiki shi ne yawan atisaye. Dare bayan dare yakan je gidan Arakawa ya yi ta lilo da sanda har tabarmar ɗakin ta tsage a ƙarƙashin ƙafarsa. Yakan kuma ɗauki takobi na gaske ya sari siririn ƙyallen takarda da aka rataye daga rufin ɗaki, wanda ba ya yankuwa sai in saran ya zo daidai, ba tare da iskar takobi ta kore shi ba.

Ya fara amfani da salon a wasa a ranar 1 ga Yuli, 1962, a karawarsu da Taiyo Whales a Kawasaki, inda ya buga hom-ran a ranar. Ya ƙare kakar da 38, ya zo na ɗaya a rukunin Central. Daga nan ya riƙe kambun hom-ran na rukunin shekara 13 a jere, har zuwa 1974.

Zamanin nasara

A 1964, shekarar da Tokyo ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik, Oh ya buga hom-ran 55, wanda ya zama sabon tarihi na kaka ɗaya a Japan. A ranar 3 ga Mayu ta shekarar ya buga huɗu a jere a wasa guda da Hanshin. Ƙungiyar Hiroshima Carp ta ƙirƙiro wata dabara ta musamman dominsa, inda take tattara masu tsaronta a ɓangaren dama na fili, wajen da ƙwallonsa ta saba faɗawa, ta bar hagu kusan fayau. Oh bai karɓi tayin ba. Ya ci gaba da bugawa dama, a kan hujjar cewa ƙwallon da ta tsallake katanga ba ruwanta da inda masu tsaro suka tsaya.

Daga 1965 zuwa 1973 Giants ta lashe Japan Series sau tara a jere a ƙarƙashin Kawakami, abin da ba a sake yi ba. Wannan ya zo daidai da lokacin da tattalin arzikin Japan ke bunƙasa kuma talabijin ke shiga kowane gida. Tashar Nippon TV, wadda Shoriki ya kafa a 1953, tana nuna wasannin ƙungiyar da dare, don haka ma'aikacin da ya taso daga aiki a kowane lungu na ƙasar Oh da Nagashima yake gani. Jama'a suka haɗa harufan farko na sunayensu suna kiransu ON.

Alƙaluman Oh sun fi na Nagashima nesa ba kusa ba: Nagashima ya yi ritaya da hom-ran 444, kusan rabin na abokinsa. Duk da haka Nagashima ne aka yi wa laƙabin Mista Giants, shi ne kuma ya fi shiga zukatan jama'a. Wasu marubuta suna danganta wannan da halin mutanen biyu, domin Nagashima mai fara'a ne da iya jan hankalin 'yan kallo, Oh kuwa mutum ne mai kamewa. Wasu kuma suna ganin asalin Oh yana da hannu a ciki. Su biyun dai ba su bari wannan ya shiga tsakaninsu ba.

A 1973 da 1974 Oh ya haɗa kambu uku a kaka ɗaya, wato ya zo na ɗaya a yawan hom-ran, da yawan makin da bugunsa ya shigar, da kuma kason bugu mai kyau. Tsoron da masu jifa ke yi masa ya fito fili a 1974, lokacin da suka bar shi ya wuce zango na ɗaya kyauta sau 158. A dukkan rayuwarsa ta wasa hakan ta faru sau 2,390, daga ciki 427 da gangan ne ƙarara. Ke nan ya tara 868 ɗinsa ne alhali abokan hamayya suna guje wa ba shi abin bugawa.

Bugu na 756

A Amurka, Hank Aaron ya zarce hom-ran 714 na Babe Ruth a 1974, ya kuma yi ritaya a 1976 da 755. A watan Nuwamban 1974 ya ziyarci Tokyo, aka shirya masa gasar bugu da Oh a Korakuen, Aaron ya yi nasara da 10 da 9. Daga nan abota ta ƙullu a tsakaninsu.

Oh ya wuce adadin Ruth a watan Oktoban 1976. A ranar 3 ga Satumba, 1977, a filin Korakuen, ya buga na 756 a kan mai jifa Yasujiro Suzuki na Yakult Swallows, iyayensa suna cikin filin. Kwana biyu bayan haka Firayim Minista Takeo Fukuda ya miƙa masa Lambar Girmamawa ta Al'umma. A wannan shekarar aka ƙirƙiro lambar, kuma Oh ne na farko da ya karɓe ta, shekara 20 cif bayan hana shi shiga bikin wasanni na ƙasa.

Hukumar gasar Amurka ba ta sa adadin Oh a kundinta, domin gasa ce daban. A can Barry Bonds ne ke kan gaba da 762. Masu rage wa Oh daraja suna cewa filayen Japan na zamaninsa sun fi ƙanƙanta, masu jifa kuma ba su kai na Amurka ƙarfi ba. Masu kare shi suna amsawa da cewa yawancin kakannin da ya buga wasa 130 ne, na Amurka kuwa 162, sannan duk abokan zamaninsa a filayen nan suka yi wasa amma babu wanda ya matso kusa da shi. Na biyu a tarihin Japan, Katsuya Nomura, ya tsaya a 657.

Ya yi ritaya a ƙarshen kakar 1980 yana da shekara 40. A kakar ya buga hom-ran 30, adadin da wani zai yi murna da shi, amma kason bugunsa ya sauko ƙasa da kashi 24 cikin 100, sai ya yanke cewa ya daina kaiwa matsayin da ya ɗora wa kansa. Giants ta jingine riga mai lamba 1, ba a sake ba wani ba.

Aikin horarwa

Bayan shekara uku a matsayin mataimaki, Oh ya zama babban kocin Giants daga 1984 zuwa 1988. Ya lashe rukunin Central a 1987, amma Seibu Lions ta doke shi a Japan Series. Ga ƙungiyar da ta saba da kofi wannan bai wadatar ba, sai ya sauka.

A 1995 ya karɓi ƙungiyar Daiei Hawks ta birnin Fukuoka, wadda ta daɗe tana ƙasan tebur. Farkon ya yi ɗaci. A watan Mayun 1996, bayan an doke su a Osaka, magoya baya da suka fusata sun jefi motar ƙungiyar da ɗanyen ƙwai yana ciki. Ya haƙura ya ci gaba da gina matasa. A 1999 Hawks ta zama zakaran Japan, ta sake a 2003. A tsakani, a 2000, ta kai wasan ƙarshe ta sha kashi a hannun Giants da Nagashima ke horarwa, karawar da ta ja hankalin ƙasar saboda tsofaffin abokan biyu.

A 2006 aka ba shi jagorancin tawagar ƙasar Japan a gasar World Baseball Classic ta farko. A ranar 20 ga Maris, a birnin San Diego na Amurka, Japan ta doke Kuba da ci 10 da 6 ta ɗauki kofin. Mutumin da ya kai ƙasar ga wannan nasara ba ya riƙe da fasfonta. A watan Yulin shekarar aka yi masa tiyata aka cire masa tumbi saboda cutar daji. Ya dawo aiki a 2007, ya sauka a ƙarshen 2008, sannan ya zama shugaban ƙungiyar, wadda tun 2005 ta koma hannun kamfanin SoftBank.

Taƙaddamar hom-ran 55

Akwai tabo guda da ke bin tarihin Oh. Sau uku baƙin 'yan wasa suna gab da karya tarihinsa na 1964, kuma duk sau ukun sun haɗu da ƙungiyar da yake horarwa a ƙarshen kaka. A 1985 Randy Bass na Hanshin, Ba'amurke, ya zo wasan ƙarshe da Giants yana da 54, masu jifa suka bar shi ya wuce kyauta sau huɗu. A 2001 Tuffy Rhodes na Kintetsu Buffaloes, shi ma Ba'amurke, ya kai 55, masu jifan Hawks suka yi ta wurga masa ƙwallon da ba ta buguwa. A 2002 Alex Cabrera na Seibu, ɗan Benezuwela, ya gamu da irin wannan shi ma yana da 55.

Oh ya musanta cewa shi ya ba da umarni. A batun 2001 ɗaya daga cikin mataimakansa, Yoshiharu Wakana, ya amsa cewa shi ne ya faɗa wa masu jifa, kuma kwamishinan gasar na lokacin, Hiromori Kawashima, ya soki abin a fili a matsayin saɓa wa adalcin wasa. Masu suka sun ce ko da Oh bai ba da umarni ba, yana da ikon hanawa. Abin lura shi ne, tarihin da ake karewa daga baƙi, wanda doka ke kira baƙo ne ya kafa shi.

A ranar 15 ga Satumba, 2013, Wladimir Balentien na Yakult, ɗan tsibirin Kurasawo a yankin Karebiyan, ya buga na 56, ya kuma ƙare kakar da 60. A 2022 Munetaka Murakami, shi ma na Yakult, ya buga 56, ya zama haifaffen Japan na farko da ya wuce Oh a kaka ɗaya. Jimillar 868 kuwa tana nan.

Alaƙa da Najeriya

Besbol yana cikin wasannin da aka yi a gasar ƙasashen Afirka ta 2003 a Abuja, inda Afirka ta Kudu ta ɗauki zinare. A Japan kuma akwai 'ya'yan 'yan Najeriya da suka kai matakin ƙwararru. Louis Okoye, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne mahaifiyarsa Bajapaniya, ya yi fice a Koshien a 2015, ƙungiyar Rakuten Eagles ta zaɓe shi a zagayen farko na ɗaukar sababbin 'yan wasa, sannan ya koma Giants a kakar 2023. Ƙanwarsa Monica Okoye tana cikin tawagar ƙwallon kwando ta mata da ta ciyo wa Japan azurfa a Olamfik ɗin Tokyo. Makoto Aduwa, mai jifa a Hiroshima Carp, shi ma ɗan ɗan Najeriya ne. Dukansu an haife su bayan gyaran doka na 1985, saboda haka ƙofar da aka rufe wa Oh a buɗe take gare su.

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya amince da gadon ƙasa ta wajen uwa ko uba. Sai dai tambayar da Oh ya fuskanta a 1957 ba baƙuwa ba ce ga mai karatu a nan, inda wanda aka haifa kuma ya girma a wata jiha kan rasa gurbin karatu ko aiki saboda ba shi da takardar shaidar zama ɗan asalinta.

Bayan ritaya

A 1990 Oh da Aaron suka kafa bikin besbol na yara na duniya, wanda ke tara yara daga ƙasashe daban-daban domin koyon wasan. An shigar da Oh zauren gwarazan besbol na Japan a 1994. Arakawa ya rasu a 2016, Aaron kuma a watan Janairun 2021. A ranar 23 ga Yuli, 2021, a bikin buɗe Olamfik na Tokyo, Oh ya riƙe wutar gasar a cikin filin tare da Nagashima da Hideki Matsui. Nagashima ya rasu a ranar 3 ga Yuni, 2025, yana da shekara 89.

Alƙalumansa a taƙaice

Wasanni: 2,831, duka a Yomiuri Giants.
Hom-ran: 868, tare da kaka 19 a jere da ya buga 30 ko fiye.
Bugu mai kyau: 2,786, wato kashi 30.1 cikin 100.
Makin da bugunsa ya shigar: 2,170.
Kambun hom-ran na rukunin Central: sau 15.
Gwarzon ɗan wasan rukuni: sau 9.
Kofin Japan Series: 11 yana ɗan wasa, 2 yana babban koci.